Audi Mai Rijiya da Bashin da Bai Ci Ba

A ƙasar Gaya, tun daga Gafasa har Kademi, da wuya ka sha ruwan rijiya uku a shekarun can ba ka sha wadda Audi ya haƙa ba. Mutumin Gafasa ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Sana'ar gado ce, wurin ubansa ya koya. Yakan tsaya a fili ya dubi ciyawa da gidan tururuwa, ya ce a sara nan, kuma galibi kafin gaba goma sha biyar a tarar da ruwa.

Abin da mutane suka fi sanin sa da shi kuwa tsabta ce. Mutum ne da ke wuni cikin laka, amma in ya fito sai ya yi wanka ya sa farar riga kafin ya yarda ya gaisa da kowa. Ba ya cin goro, ba ya taɓa taba. In aka ba shi aikin yasar tsohuwar rijiya, ya fito da tsumma da mushen kaza da fasasshen tulu, sai ya jera su a gaban maigidan ya ce, "To, ga abin da iyalinka ke sha." Waɗansu su ji haushi, amma baɗi su sake kiran sa.

Ƙanensa Bala shi ke tsaya masa a bakin rami yana jan kwandon ƙasa. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, gandu ɗaya suke nomawa, sai dai hali kowa da nasa. Bala saurayi ne mai son ƙawa, mai dariya tun kafin a gama ba da labari. A damina ta 1967 ya je Ajingi wurin wani dillalin gyaɗa, Alhaji Maiwada, ya karɓi fam goma a kan zai biya da buhu biyar na gyaɗar gayaunarsa in kaka ta yi. Bai shawarci kowa ba. Audi dai ya ga sabon keke da agogon hannu, ya tambaya, Bala ya ce rabo ne. Kafin gyaɗa ta nuna aka shiga ɗaukar soja a Kano saboda yaƙi, Bala ya sayar da keken ya hau mota. A bakin wani direba Audi ya ji.

Da kaka mutanen Alhaji suka zo suka kwashe abin da gayaunar Bala ta bayar, buhu biyu. Audi ya taya su ɗaurawa a jaki, yana cewa a ransa magana ta ƙare, sauran tsakaninsu da Bala ne in Allah ya komo da shi.

Bayan mako biyu Barau ya yi sallama.

Barau shi ne mai bi wa Alhaji bashi. Dogo ne, ramamme, haƙoransa sun yi ja wur don goro, kullum da ƙullin garin taba a leɓensa na ƙasa. Ya jingina keke a bakin zaure, ya shigo ya zauna a kan buzun sallar Audi ba tare da an nuna masa wuri ba.

"Malam Audi, Alhaji na gaisuwa. Ya ce a tuna maka da buhu ukun nan."

"Wane buhu uku?"

"Na ƙanenka mana."

"Ai ni ban karɓi komai ba. Ban ma san an yi ba."

Barau ya yi dariya, ya juya ya tsartar da jan yawu a jikin bangon zauren da Audi ya shafe da farar ƙasa kwana huɗu da suka wuce. "Haba Malam Audi. Ɗan'uwa ai rabin jiki ne. Ko so kake a ce gidanku gidan macuta ne? Ni dai ba faɗa ya kawo ni ba. In babu yau, a ba ni na ƙafa in koma, sule biyu ne."

Audi ya dubi yawun yana gangarowa a bango. Ya shiga ciki ya ɗauko sule biyu, don kawai mutumin ya tashi. Daidai nan matarsa Kubura ta aiko da tuwon rana, Barau kuwa ya gyara zama. Bai nemi ruwan wanke hannu ba. Hannun da ya gama sosa tsakanin yatsun ƙafarsa da shi, shi ya zurma cikin miyar kuka. Yana ci yana lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Audi ya yi loma biyu ya ce ya ƙoshi.

Tun daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Duk mako sai Barau ya zo, wani lokaci sau biyu, kuma bai taɓa kuskure lokacin abinci ba. Ya ci, ya yi gyatsa, ya fyace hanci ya goge a gefen tabarma, ya karɓi sule biyunsa. In ya sha ruwa a moɗa, sauran sai ya mayar cikin randar zaure. Kubura ta ware masa akushi guda, in ya tafi ta ɗauke shi da kara ta kai bayan ɗaki ta dirje da toka. Bangon zaure kuwa ya koma kamar wurin da mahauta ke yanka. Audi ya shafe shi sau uku, ya gaji ya bari.

Bashin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da kaka ta zagayo Barau ya ce buhu uku sun zama shida, haka tsarin yake. Sulallan da ake ba shi ba sa cikin lissafi, waɗannan ladan wahalarsa ne.

"Malam, wai har yaushe?" in ji Kubura wata rana, tana tsaye da akushin a nesa da jikinta. "Kai ka ci kuɗin nan?"

"Ban ci ba."

"To don me muke ciyar da wannan ƙazamin?"

"Ke ba ki san mutanen nan ba. In na ƙi, alƙali za su kai ni. Kin taɓa ganin talaka ya shiga gaban alƙali da mai kuɗi ya fito da rigarsa?"

Wannan shi ne abin da Audi ya yi imani da shi, kamar yadda kowa a unguwar ya yi. Mutumin da ke sauka rami gaba ashirin ba tare da gabansa ya faɗi ba, kalmar sammaci kaɗai na sa shi gumi. Barau ya gane haka, kullum sai ya taɓa aljihu ya ce, "Takarda na nan, Alhaji ne dai ke jin tausayinka."

Abin ya kai intaha ranar sunan 'yar da Kubura ta haifa, wadda aka raɗa wa Adama. An yi addu'a, an raba goro, mutane cike da ƙofar gida, sai ga Barau. Ya tsaya tsakiyar taro ya ɗaga murya.

"Allah ya raya! Ashe akwai kuɗin rago, na Alhaji ne babu!"

Ya ratsa mutane ya shige zaure, ya wuce har cikin gida inda mata suke, abin da ko maƙwabci na jiki ba ya yi. Mata suka watse suna jan mayafi. Ya kwance jar akuyar Kubura, wadda ta zo da ita daga gidansu, ga ta da ciki, ya jawo ta ya fito. Maza fiye da talatin na zaune, babu wanda ya ce kanzil. Waɗansu suka sunkuyar da kai suna ɓare goro. Rabin su Alhaji na bin su, kowa na gudun kada idon Barau ya sauka kansa. Audi ya tsaya riƙe da faifan goro. Ba Barau kaɗai ya ba shi ƙyama ranar nan ba. Ya dubi maƙwabtansa, ya dubi kansa.

Da rani na 1969 aka kira shi Gaya ya haƙa rijiya a gidan wani dattijo, Malam Da'u, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu yana muhutin alƙali, wato mai taimaka masa da duba littattafai da rubuta hukunci, kafin ido ya gaza ya ajiye aiki. Audi ya ji daɗin aikin don zai huta da ganin Barau. Ya yi kwana goma sha ɗaya yana haƙa, ya fasa marmara, ya kai yashi mai danshi. Ran na sha biyu da hantsi ruwa ya fara tsattsafowa, fari tas. Ya ɗiba da tafin hannu ya ɗanɗana, ya yi hamdala.

Sai hasken bakin rijiyar ya ragu. Ya ɗaga kai, ya ga kan mutum.

"Audi! Ka zaci in ka shige rami ba zan gan ka ba? Mako biyu ke nan, sule huɗu!"

Muryar ta cika ramin tana amsa kuwwa. Barau ya ci gaba da surutu, bakinsa cike da goro da taba, da ya ji yawu ya dame shi sai ya yi abin da ya saba. Ya tsartar cikin rijiyar. Rabi ya sauka a kafaɗar Audi, rabi a cikin sabon ruwan, ja yana bajewa a kan fari.

Audi bai san lokacin da ya hau ba. Ya fito da dagi a hannu, kuma Allah kaɗai ya san abin da zai faru in da Malam Da'u bai riga shi magana ba. Tsohon na zaune a inuwar darbejiya, duk abin nan a kan idonsa, don ko da ba ya iya karatun rubutu, yana ganin mutum sarai.

"Kai, wane ne kai?"

"Yaron Alhaji Maiwada ne, Allah gafarta Malam, na Ajingi. Bashi muke bin sa."

"A cikin rijiyata Alhajin ya ce ka tofa? Fice mini daga gida. In ka sake tako nan sai na sa an ɗaure ka."

Barau ya fita yana ƙunƙuni. Malam Da'u ya sa aka kawo wa Audi ruwa da sabulu. Da ya yi wanka ya natsu, tsohon ya kira shi ya zaunar.

"Nawa ka ci?"

"Ban ci ko anini ba, Allah gafarta Malam. Ƙanena ne, yana bakin daga."

"Ka tsaya masa lamuni? Wato ka ce da bakinka, a gaban shaidu, in bai biya ba kai za ka biya?"

"Ban ma san ya karɓa ba."

"Kuɗin ya shiga gandunku? An sayi hatsi ko taki da shi?"

"Keke ya saya da agogo."

Malam Da'u ya tafa hannu yana salati. "Shekara nawa kana biya?"

"Ɗaya da rabi."

"Kaico! Rashin sani ya fi dare duhu. Saurara, Audi. Bashi na wuyan wanda ya ci shi ne, ko wanda ya tsaya masa. Zama ɗan'uwa ba lamuni ba ne. Ko mutuwa Bala ya yi, Allah ya kiyaye, daga abin da ya bari za a biya, ba daga aljihunka ba, balle dukiyar matarka. Sa'an nan ko kai ne ka ci, mai bin ka ba shi da ikon ya shiga gidanka ya ɗauki ko tsinke. Iyakarsa ya nema da mutunci, in ka ƙi ya kai ƙara. In babu gare ka, shari'a ta ce a saurara maka har ka samu. Buhu uku su haifi shida kuwa, wannan riba ce tsagwaronta, babu alƙalin da zai sa hannu a kai. Ka san abin da ya sa shekara ɗaya da rabi suna yi maka barazana da sammaci ba su yanko ba? Sun fi ka tsoron sa."

Ba murna Audi ya ji ba. Tunawa yake da kowane akushi da Kubura ta dirje.

Sai da ya kwashe ruwan rijiyar kaf har sau biyu, ya bar sabo ya taru, sa'an nan ya yarda ya ce aiki ya ƙare. Daga cikin ladansa ya biya kuɗin sammaci a kotun Gaya, ya kai ƙarar Alhaji Maiwada da Barau. Ya koma Gafasa neman shaidu cikin mutanen da suka zauna ranar suna. Wannan ya ce lokacin ya zagaya bayan gida. Wancan ya ce idonsa na ciwo a makon. Wani tsoho da Audi ya yashe wa rijiya kyauta ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana, iri na baɗi a wurin Alhaji nake karɓa." Audi ya zare hannunsa ya goge a riga. Shi kaɗai ya kama hanyar Gaya ranar shari'a.

Alhaji Maiwada ya zo da babbar riga tana ƙamshin turare, ya gaida kowa da fara'a. Alƙali ya tambaye shi ko Audi ya tsaya wa Bala.

"Allah gafarta Malam, ai ciki ɗaya suka fito."

"Ban tambaye ka asalinsu ba. Ya tsaya masa ko bai tsaya ba? Kana da shaidu?"

Babu. Aka ba Audi rantsuwa, ya yi alwala ya rantse. Alƙali ya ce ba a bin sa komai, Alhaji ya jira wanda ya ci bashinsa, kuma buhu uku ne ba shida ba.

Da aka zo kan akuya, Audi ba shi da shaida, amma bakin Barau ya yi masa aiki. "Ai ba sata na yi ba," in ji shi, "a kan bashi na kama ta, a gaban jama'a!" Magatakarda ya rubuta. Alhaji ya juyo ya dube shi kamar bai taɓa ganin sa ba.

"Ni ban aike shi ya kama akuyar kowa ba. Ban ma san da ita ba."

Akuyar kuwa tana ɗaure a gidan Alhaji wata biyar, kowa a Ajingi ya sani. Aka ce a mayar da ita cikin kwana uku, kuma daga ranar in Barau ya sake taka ƙofar Audi ko wurin aikinsa da sunan bashin nan, gidan yari zai kwana. Malam Da'u ya ba da shaidar abin da ya gani a rijiyarsa, aka ci Barau tarar fam ɗaya.

Saura sulallan ƙafa. Barau ya ce bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ba shaida, don haka rantsuwa ta koma kansa. Audi ya zuba ido yana kallo, yana cewa a ransa nan kam zai tsaya. Barau ya yi alwala, ya ɗora hannun nan nasa a kan Alƙur'ani, ya rantse tiryan-tiryan ko inda-inda bai yi ba. Audi ya kau da kai. Da aka fito mutane na yi masa barka, shi kuwa ya kama hanyar gida.

An kawo akuyar ran na uku, ƙashi da fata, ba 'ya'ya. Wai sun mutu. Kubura ta karɓe ta, ta fasa akushin nan ta sa a murhu. Audi ya kankare bangon zaure har ƙasa ya yi sabon yaɓe. Barau bai sake zuwa ba.

Bayan an gama yaƙi da wata takwas Bala ya zo hutu, ya yi ƙiba, da igiya biyu a hannun riga da rediyo rataye a kafaɗa. Audi ya bari ya huta, sa'an nan ya zaunar da shi ya ba shi labari tun daga farko. Bala na ji yana dariya.

"Kai Yaya! A kan fam goma ka sha wannan wahala? Ai da ka kore shi tun ranar farko."

Washegari ran kasuwar Ajingi ce, suka tafi tare. A bakin rumfar masu tsire suka yi kiciɓis da Barau. Audi ya tsaya ya ga yadda za a yi. Barau na ganin kaki ya zube ƙasa ya dunƙule hannu.

"Ranka ya daɗe Kofur! An dawo lafiya? Ai kullum muna yi muku addu'a."

Bai ambaci gyaɗa ba, bai ambaci buhu ba. Alhaji ma da aka gaya masa, aiko wa Bala ya yi da goro ƙwarya guda, ya ce maganar bashi ba gaggawa. Bala ya sayi tsire ya miƙa wa Barau tsinke biyu, suka tsaya suna ci suna taɗin Fatakwal. Ya juyo ya miƙo wa yayansa. Audi ya ce yana da wurin zuwa.

Kafin hutun ya ƙare Audi ya kira dagaci da dattawa biyu aka raba gandun, kowa ya san iyakarsa, aka kafa duwatsu. Bala ya ji zafi, ya ce a kan ɗan abin nan za a raba zumunci? Audi ya ce zumunci na nan, gona ce aka raba. Ko Bala ya biya buhu ukun ko bai biya ba, Audi bai taɓa tambaya ba.

Ya ci gaba da sana'arsa. Shekarar farin 1973, da rijiyoyi suka ƙafe, ya yi wata bakwai bai kwana gida mako guda cur ba, yana bi gari-gari yana ƙara musu zurfi, inda babu abin biya ya karɓi kwanon gero. A wajejen 1978 gwiwa ta hana shi sauka rami. Ya sayi jakai biyu ya koma dakon tukwane daga Kademi zuwa kasuwanni, Kubura na yi masa ƙullin fura, har ƙarfinsa ya ƙare.